Kayan Tafiyar Kaka Nemesio

Ni na tarar da kakana Nemesio a makiyaya, ya jingina da dutsen da ya saba zama, hularsa ta rufe masa ido. Na ɗauka gyangyaɗi yake. Har na ce, "Tsoho, tashi, miya za ta huce," sannan na lura da Kapitan, lamansa, dabbar nan mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, tsaye a kansa bai ko kalli ciyawa ba, yana wannan gunji na can cikin maƙogwaro da suke yi idan hankalinsu ya tashi. Ashe rai ya riga ya yi halinsa. Ban daɗe da dawowa daga jami'a a birnin Oruro ba. Na kawo masa hoton bikin gama karatuna, ya juya shi, ya ce rigar ta yi kyau, amma buhun dankali ya fi ta ɗinki.

Tun yana yaro ya shiga ayarin gishiri. Su sara gishiri a fako, su ɗaura wa lamomi, su gangara kwari su musanya da masara. Lama ba jaki ba ne. In kaya ya fi ƙarfinsa durƙusawa yake, ko za a kashe shi ba zai tashi ba. Wasu fatake duka suke yi. Kakana kuwa sai ya kwance kayan, ya saɓa a bayansa, ya bi ayari, dabbar na tafe a gefensa hannu rabbana. Haka bayansa ya lanƙwashe tun bai tsufa ba.

Da motoci suka karɓe hanyar gishiri, ayari ya mutu. 'Ya'ya suka watse birni, garke ya yi ta raguwa, har ya zama saura 'yan alfaka, ƙananan dangin lama da ake yi wa aski ana saƙa da gashinsu, sai lama guda ɗaya, Kapitan, da tsohuwar ƙararrawar jagoran ayari a wuyansa. Shi ne mai gadi. Lokacin haihuwa dila kan yi ta zagaya garke yana neman jarirai, alfaka kuma ba ta da zuciya. Kapitan kaɗai ke tare shi, ya kwantar da kunne, ya bi shi da harbi.

Kakata Saturnina ba ta taɓa barin su sun huta ba.

"Kai da wannan dabbar, ban san wanda na aura a cikinku ba."

"Shi ai ba ya mita," in ji Kaka Nemesio.

"Yana tofar da yawu dai, kamar ubangidansa."

Wata rana da hantsi muna zaune a bakin shingen dutse, tana kaɗi, yana tauna ganyen koka, wanda shi ne goronmu a nan, sai ya ce, "Saturnina, ranar da na tafi, kada a taɓa min Kapitan."

Ba ta ɗago daga mazarinta ba. "To wa zai ɗaukar maka kaya? Da wannan bayan naka mai kama da lauje?"

"Bayan da ya ɗauki gishiri ne zai kasa tsummokarana? Ke da ƙafafunki ba sa kai ki rafi, ke za ki kori dila?"

"Rufe mana baki, tsohon banza. Ba inda za ka."

Ya dube ni ya kashe ido ɗaya. "Nelida, ke ce mai ilimi, ki zama shaida."

Na yi dariya a lokacin.

A wurinmu mamaci tafiya ce mai nisa a gabansa. Bayan an binne shi, sai a wanke tufafinsa a rafi, a haɗa masa guzuri, a ɗora wa lamansa, a kai su bayan gari ta yamma. Can ake yanka dabbar a ƙone kayan, don ta bi shi ta ɗaukar masa. Ban taɓa jin an sallami mai lama ba lama ba.

Kawu Braulio, babban ɗansa, ya zo daga birni. Shi ya wasa wuƙa da kansa, yana yi yana share ido da gefen hannu. Na gaya masa abin da Kaka ya ce.

"Na ji, 'yar boko," ya ce. "Baba ai ko ransa aka roƙa don dabba zai bayar." Ya juya wajen Kaka Saturnina. "Inna, mutumin nan ya gama rayuwarsa da kaya a baya. Can ma haka za mu tura shi? In ya durƙushe a hanya wa zai ɗaga shi?"

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ita ta haɗa kayan: babban bargon da ta saƙa masa shekarar aurensu, buhun busasshen dankali, tukunya, igiyoyinsa, takalma, majajjawa, jakar koka. Aka ɗaura wa Kapitan, aka ba ni igiyarsa saboda ya saba da ni. Muka fita ta gaban garke. Alfaka biyu sun haihu a satin, jariran na tangaɗi a kan siraran ƙafafu, duk garken ya miƙo wuya yana kallon mai gadinsa na tafiya. Ƙararrawar na kaɗawa a hankali. Igiyar na ta zame min don gumi, ga sanyi kamar zai tsaga dutse.

Da muka isa aka hura wuta. Kawu ya matso. Kapitan ya sunkuyo yana shinshina bargon da ke bayansa.

"Braulio, dakata," in ji Kaka Saturnina. "Sauke min kayan nan."

"Inna..."

"Na ce ka sauke. Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya sauke. Ta durƙusa a ƙasa da kyar ta kwance ƙullin. Ta fitar da tukunya ta ajiye gefe. "Ba ka iya girki ba dama," ta ce, ba da mu take ba. Ta zazzage dankalin, ta bar abin da bai fi tafi biyu ba. Ta cire igiyoyi. "Ba dabba, me za ka ɗaure?" Ta ƙulle sauran, ta saɓa a bayanta, ta yi 'yan taku, ta tsaya tana haki. Ta sauke.

Saura bargon. Shi ne mai nauyin. Ta fitar da shi, ta riƙe, ta mayar. Ta sake ɗagawa ta ji. Ta sake fitarwa. Mutanen da suka rako mu suka sunkuyar da kai. Ni dai na cusa fuskata a gashin wuyan Kapitan don kada in gani, amma ina jin ta.

"Sanyi ko nauyi, Nemesio? Wanne za ka iya? Kai ka jawo, mai taurin kai. Kai ka ce."

A ƙarshe ta ninke bargon ta ajiye a kan tukunya. Ta kwance ɗan siririn mayafin da ke kafaɗarta ta sa a madadinsa. Sannan ta miƙe ta zo wajenmu, ta kwance ƙararrawar daga wuyan Kapitan, ta tura ta cikin ƙullin.

"Ko ba komai ya riƙa jin motsi a bayansa," ta ce. "Bai saba tafiya shi kaɗai ba."

Ta ɗaga ƙullin da hannu ɗaya, ta jijjiga shi. "Wannan zai iya."

Kawu ya daɗe yana kallon wuƙar kafin ya mayar da ita kube. Shi ya karɓi ƙullin ya sa a wuta, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da mu." Muka juyo gida, ni da Kapitan a gaba, Kawu ɗauke da tukunya da bargo.

Jariran nan duk sun rayu. Na ga dila sau ɗaya a kan tudu, Kapitan ya kwantar da kunne, dilan ya juya ya tafi.

An kira ni aiki a Oruro, na ce su ƙara min lokaci, ban san ko za su yarda ba. Bargon na nan a ninke a gefen gadon Kaka, ba ta shimfiɗa shi, ba ta yarda a taɓa. Duk safiyar da ƙanƙara ta kwanta a kan ciyawa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ba mayafi, ta dubi yamma. In na ce, "Kaka, shigo, za ki kamu da mura," sai ta ce, "Bar ni in ji abin da yake ji."

Ni nake buɗe garke yanzu. Kapitan ya fita gaba, alfaka na biye, ba ƙarar komai. Sai ya fara biyawa ta wajen dutsen nan ya tsaya kaɗan, kafin ya sa baki a ciyawa.