Mai Cafe Kankana

Shekara goma sha ɗaya ni da Abdelkader muna sauke kankana a kasuwar kayan gwari ta Jidda. Ni ke jefowa daga saman mota, shi yana ƙasa yana cafewa, ko ɗaya bai taɓa fasawa ba. Ran nan wani ɗan Japan, tsohon ɗan wasan besbol, ƙwallon nan da ake duka da sanda, ya tsaya kallonsa. Ya ɗauke shi mai cafe ƙwallo a ƙungiyar kamfaninsu, har da sabuwar iƙama, wato takardar izinin zama, da ɗaki a unguwar Aziziyya.

Yanzu duk Juma'a sai Abdelkader ya leƙo, yana ƙamshin turare, wai "Ya akhi, sannu da aiki."

Sannu da aiki! Wa ke jefa masa daidai tafin hannu? Ɗan Japan ɗin nan ko kai bai ɗaga ya dubi saman mota ba.