Yaya Rifkatu da Kwalbar Aidin

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu a Kagoma, a gefen gonar da aka haife mu. Malamar kimiyya ce a wata sakandare a Kafanchan, amma mutanen ƙauyenmu sun fi saninta da "mai tambayar tuwo".

Tun muna yara abu ɗaya ke damunta: me ya sa tuwon wata dawa ke danƙo, na wata kuma ya farfashe, alhali hannu ɗaya ya tuƙa? Me ya sa acha ba ta nauyi a ciki kamar masara? Mama takan ce hannun mai girki ne. Yaya ba ta yarda ba.

Wata ranar Asabar ta shigo taron zumuntar mata a cocinmu da wuƙa da 'yar kwalbar aidin, irin wanda ake sa wa ciwo. Ta tsaga ƙwayoyin dawa iri biyu, ta ɗiga musu. Cikin ɗaya ya yi baƙi-shuɗi, na ɗayan ya yi ja-ja. Ta ce, "Iyayena, kun gani? Sitacin cikinsu ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa tuwonsu ya bambanta. Gado ne, daga iri yake fitowa." Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "To, a daina zagin matan 'ya'yanmu!" Aka fashe da dariya.

Daga nan ta shiga yawo a kan babur har ƙauyukan Zangon Kataf, tana roƙon tsofaffin irin dawa, dauro da acha, lokacin da kowa ya koma masara da takin zamani. An yi mata ba'a. Ni ma na yi, kuma har yau ina jin kunya. Kowane iri ta shuka shi a layinsa, ta gwada, ta ɗanɗana tuwonsa, ta adana a tulu. Sannu ba ta hana zuwa.

Shekara biyu bayan rasuwarta taki ya gagari talaka, masara ta tsaya ba goyo. Damina mai zuwa mutane suka yi layi a ƙofar gidanmu, inda tulunanta suke, har da masu dariyar da. Iri na tulunan Yaya, wanda mijinta ya ci gaba da sabuntawa, shi ya cika rumbuna.

Yau 'yarta Talatu tana jami'a, tana kwatanta ƙwayoyin gado masu sarrafa sitaci a dawa, masara da shinkafa. Ta ce mini, "Anti, abin da ke kawo danƙo kusan ɗaya ne a cikinsu duka. Idan ƙwayar gado guda ta sauya, sitacin ya sauya." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Nakan tambayi kaina, da Yaya ta ga na'urorin da Talatu ke aiki da su me za ta ce? Na tabbata za ta yi murna, sannan ta tambaya ko sakamakon ya isa kunnen matar da ke noma a Kagoma.

Ba ta bar gida a birni ba, ba ta bar littafi da sunanta ba. Amma duk kaka, idan aka kawo baikon hatsi gaban bagadin coci don godiya, nakan gane zangarniyar da irinta ya ratsa hannun Yaya. Masu ɗauke da ita da yawa ba su taɓa ganin fuskar Yaya ba, kuma 'ya'yansu sun ƙoshi.