Babbar Rigar Baba da Farar Shat

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ofisoshi na ta buɗewa a Keffi, aka kira mu intabiyu mu biyu, ni da taubashina, ɗan kawuna. Akawu mai buga tafireta ake nema, kuma gurbin ɗaya ne tak. Tun rasuwar kawu a Garaku yake gidanmu. Tare muka koyi bugu a shagon wani Bayarabe kusa da tasha, kuma ba yabon kai ba, na fi shi sauri nesa ba kusa ba. Yana laluben haruffa, ni na kai ƙarshen layi.

Ana saura kwana biyu, Baba ya buɗe akwatinsa ya fito da babbar rigarsa ta shadda, mai ruwan sararin samaniya, wadda sai Sallah take ganin rana. Ta dawo daga wurin masu bugu ke nan, sai walƙiya take. Har na fara goge hannuna a wando. Sai ya miƙa wa taubashina ya ce, "Ungo, ka sa wannan jibi."

Ni kuwa? Ko kallona bai yi ba. Ni ne ɗan fari, ba ya ma kiran sunana. Da yamma Inna ta ajiye mini wata farar shat mai gajeren hannu a kan tabarma, irin ta 'yan makaranta, ta ce, "Ga taka."

Wallahi na ji zafi. Na san kara ce, na san maraya ne, amma sanin bai rage mini komai ba. Shi kuma ɗan banza ya saka rigar yana zagaya tsakar gida, yana saɓa ta a kafaɗa yana cewa, "Taubashi, in na zama akawu zan ɗauke ka masinja." Kowa na dariya. Na ƙi cin tuwo. Washegari ma na ƙi, na zauna bakin rijiya ina kumbure-kumbure kamar an yi mini mutuwa.

Ranar da safe, bayan Baba ya fita kasuwa, taubashina ya shigo ɗaki da rigar a ninke. Ya ce, "Karɓi, kada baƙin ciki ya kashe ka a ce ni ne. Ba ni shat ɗin." Ko kawaici ban yi ba, na fizge.

Kai, na ji daɗin hanyar nan! Masu shaguna na gaishe ni, wani ma har da "ranka ya daɗe". Shi yana biye da ni kamar mai riƙe mini jaka.

A ofishin, mutum uku ne a bayan tebur. Bayan 'yan tambayoyi, babbansu ya nuna tafireta, ya ba ni takarda, ya dubi agogonsa ya ce in fara. Ban taɓa sa babbar riga ba sai ranar, kuma shaddar da ta sha bugu santsi gare ta. Ina ɗora yatsu, hannun rigar ya zamo daga kafaɗa ya rufe haruffan. Na saɓa dama, hagu ta sauko. Na saɓa hagu, dama ta biyo. Da na tura kan tafiretar zan koma sabon layi, sai ƙarfen ya kama aikin wuyan rigar. Ina ja, ina gumi, ina jin zare na tsinkewa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, ɗaurin aure ka zo ne?" Layi huɗu na buga, su ma duk kuskure.

Ina zaune a baranda na ji bugun taubashina ta taga, ƙwas, ƙwas, a hankali kamar kaza na tsince hatsi, amma bai tsaya ba ko sau ɗaya. Shi aka ɗauka.

Na dawo gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Ta dubi zaren da ke lilo a ƙirjina, ta ajiye rariya.

Ta ce, "Ina shat ɗin?"

Na ce, "Tana jikin ɗan ɗan'uwanki. Ai shi kuka fi so."

Ta karkaɗe garin hannunta. Sannan ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Babanka da ƙafarsa ya je shagon malaminku ya tambaya me ya kamata mai bugu ya sa. Guda ɗaya ya iya saya, kai ya saya wa. Rigar ya ba wancan ne don kada ya ga an bar shi haka. So kake ya kira ka ya faɗa maka da bakinsa?"

Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu. Ya dai kai rigar aka gyara, ya mayar akwati.

Bayan shekara taubashina ya sayi babur. Kullum da safe sai ya tsaya ƙofar gida ya danna mini ham, sanye da shat ɗin nan, an wanke ta an goge. Ya yi ritaya yanzu, jikokinmu na wasa tare, amma har gobe in na gan shi cikin farar riga, sai na tuna da shat ɗin nan. Tawa ce fa.