Makarantar Coci a Ƙauyenmu da 'Yata Tilo

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Riyadh, muna zaune a unguwar Suwaidi. A lokacin da abin ya faru, ni mace ce mai saurin tsorata a kan tarbiyya. Kwantiragin mijina ya ƙare, 'yarmu tilo kuma tana ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, dole suka koma gida. Shi ya tsaya birni neman aiki, ita kuwa aka kai ta ƙauye wurin mahaifiyata, Larabci ya fi Hausa a bakinta.

Makaranta ɗaya ce a kusa, ta wasu Kiristoci manoma, ajujuwa kaɗan da lambu a baya. Can Inna ta sa ta. Da na gaya wa abokan aikina, suka ce na yi sakaci, za a canza wa yarinya addini. Na kira Inna ina kuka, na ce a cire ta. Ta ce in yi haƙuri in zo in gani tukuna, na ƙi. Aka cire ta. Daga nan yarinyar ta daina karɓar wayata, sai dai in ji motsinta a bayan Inna. Wallahi watannin nan ko abinci ba na jin daɗinsa.

Da na samu hutu na je makarantar da kaina. Shugabar dattijuwa ce da ɗankwali, ta san mahaifina tun yana raye. Ta ce yaran Musulmi ba sa shiga darasin addininsu, kuma ana tashinsu da wuri don su samu Islamiyya. Ta nuna mini rumfar da suke sallar azahar. Ta ce a wurinsu manya ke koya wa ƙanana, kuma 'yata ce take gyara wa ƙananan karatun Fatiha, har yanzu suna tambayar inda take. 

Washegari na riƙe hannun 'yata muka koma makarantar. Tun daga nesa yara suka rugo, ta saki hannuna ba ta ko waiwayo ba.

Yanzu tana karanta Hausa da Turanci, ta kuma kusa sauke Alƙur'ani. 'Yan'uwana da ke aiki a nesa, sa ido a kan addinin yaro wajibi ne, amma kada ku yanke hukunci ta waya. Ku je ku gani, ku kuma tambayi yaron. Ni sai daga baya na tuna ban taɓa tambayarta ba.