Tsakuwar da Na Ɓoye a Buhun Ƙungiya

A lokacin da abin ga ya faru, ni ce uwar ƙungiyar mata masu turara shinkafa a ƙauyenmu, kusa da Wurno. Ba don na fi kowa iya aikin anka ɗora ni ba. Ina dai da baki, kuma ba ni son ganin an muzanta kowa. Shanshera muke sawowa, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, kowace ta jiƙa ta turara a gidanta, ta shanya, a kai inji a cire ƙaiƙayi, ta tsince. Daga nan sai a taru a gidana a juye ta kowa a tari guda, a gauraya, a ɗura a buhu. Haka munka tarar iyayenmu na yi, don kada a ce ta wance ta fi ta wance. Wani Alhaji ke kwashe mana kusan duka ranar kasuwar Goronyo ya kai birni. Shi kaɗai ne babban mai sayenmu, da cinikinsa muke ci muke sha.

Sai shinkafar kamfani ta cika gari, fes da ita, ba tsakuwa ko ɗaya. Matan birni sunka daina rege, wankewa kawai sai tukunya. Alhajin bai ɓoye mani ba. Ya ce masu shaguna sun fara maido mashi da buhunanmu saboda tsakuwa, kuma shi bai son rabuwa da mu. Abin da ya roƙa kawai shi ne mu daina gauraya, kowace ta ɗura nata buhu a sa mata alama, don a gane inda tsakuwar take fitowa a gyara. Na ce mashi to, zan duba. Wallahi ba ni da abin dubawa, don na san gidan da take fitowa. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta koya mani aikin tun ban kai tsayin tukunya ba. A daɓe take shanyarta kamar yadda ta saba, ta ƙi tamfol, ga ido ya yi rauni. Tana tsinta tana barin rabi.

Ƙananan matan cikinmu sun same ni ba sau ɗaya ba. Sunka ce Inna, kasuwa ta canza, in ba mu canza ba mutumen ga zai tafi. Na hau su da faɗa. Na ce mi sunka sani, jiya-jiya sunka shigo har za su rushe abin da anka gada. Na ce muddin ni ke riƙe da ƙungiyar ga, ba a ware buhun kowa. Na koma ina sake tsince ta Gwaggo a ɓoye kafin a juye, ga tawa tana jirana. Bayana ya gaji, idona ya gaji, kuma ban taɓa gamawa ba. Haka munka ci gaba da kai ma Alhaji kaya, ni ina ta ba shi haƙuri.

Haƙurin nashi ya ƙare. Bai yi faɗa ba, ya dai aiko cewa mu dakata da kawowa sai ya neme mu. Har yau bai neme mu ba. Ƙananan matan sunka janye sunka yi tasu ƙungiya, sunka haɗu da wasu daga Rabah, suna kai tasu injin da ke cire tsakuwa, kowace da alamarta a buhu. Shi ke saye wurinsu yanzu. Ban ga laifinsu ba, suna da ɗiya da za su ciyar. Mu tsofaffin da anka bari muna auna kwano-kwano a ƙofar gida, daga baya ma wasu sunka kife tukwanensu.

Abin da ya fi ci mani rai ya zo bayan nan. Maganar ta fita gari cewa tsakuwar Gwaggo ce ta kashe ƙungiya, har ta kai kunnenta wurin wani suna. Ta zo gidana da sandarta, ta zauna bakin tabarma. Sannan ta tambaye ni mi ya hana ni gaya mata. Ta ce ita ma tana jin tsakuwar a tuwonta, amma da ta ga na yi shiru sai ta ɗauka ta sauran ma haka take. Ta ce da na faɗa mata, da ta bar tsinta ta koma tsaron shanya tana kore kaji da awaki, wannan kam idonta na iyawa, kuma da har yanzu tana cikin mata. 

Na gaji da juya abin a raina, shi ya sa na rubuto. Ni na zaci kare ta nake yi, ashe nauyin magana guda nake gudu, na kuma kira shi al'ada. Duk wadda anka ba riƙon jama'a, in mai saye ya gaya maki abin da kasuwa ke so yanzu, ki saurara tun yana roƙo. In gyaran ya biyo ta kan naki, ki same shi ku biyu ki gaya mashi, ki nema mashi aikin da zai iya. Kunyar da na hana Gwaggo ji a ɗakina, a gaban taron suna ta ji ta, kuma tun ranar ba ta sake ɗora tukunyar turara shinkafa ba.