Yadda Na Gaji Tabarmar Gwaggo

Gwaggo, yayar babana, ta daɗe tana sayar da itatuwan magani a kan tabarma a kasuwar Sarsuf, nan Tamanrasat. Ni na zo wurinta daga Damagaram bayan rasuwar mijina, ba ni da wata sana'a sai baki. Burina ɗaya ne, ta bar mini tabarmar nan in ci abinci da ita. Ita kuwa ta rantse ba za ta bar wa wadda za ta kashe mata mutane ba.

Da idonta ya yi ɗorawa ta ce shawara ce, ta dafa wa kanta abin da ta saba dafa wa jama'a. Bai yi ba. Ga ƙaiƙayi, ga ciwon baya, zane yana zamewa daga ƙugu. Asibitin gari suka tura mu Alje, babban birnin ƙasar, muka dawo da takardu da ƙwayoyin rage zafi. Likita ya ce cutar kansa ce, wato ciwon daji, a wani ɗan nama da ke bayan tumbi, pankireyas suke ce masa, kuma ta wuce a yi aiki. Na yi kuka har na gode Allah. Gwaggo ta ce in share hanci in dama mata kunu.

Kun san mutanenmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma a gaban marar lafiya kowa likita ne. Matan leburori suka zo da ƙulle-ƙulle, malamin allo ya aiko rubutu, maƙwabciyarmu Balarabiya ta kawo habbatus sauda da zuma, wani Buzu mai lambu a Tazaruk ya sauke mana tazargade rabin buhu. Kowa da rantsuwarsa cewa wane ya sha ya miƙe. Gwaggo takan karɓa hannu biyu, ta sa albarka. Suna fita sai ta miƙo mini ƙullin.

"Ke, zo ki gaya mini mene ne wannan."

In shinshina, in lasa, in ce sabara ce.

"Sabarar gidanku. Kalgo ne."

Haka ɗakin jinya ya koma lekkol, makarantar boko sosai, ni ce daƙiƙiyar aji. Ran da na tauna ɓawon maɗaci na ruga waje ina tofarwa, ta yi dariya har tana riƙe ciki tana cewa in bari, ciwo nake ƙara mata. Wata rana kuma na kai yatsa zan lashi wani gari, ta make mini hannu. Ta ce kwartowa ce, in na ba mai ciwo irin nata, zawo zai kai shi kushewa tun ciwon bai gama shiri ba. Ita dai citta da na'ana'a kaɗai take sha saboda tashin zuciya, sai ƙwayoyin likita a kan lokaci. Sauran duk suna cikin wata babbar kwalla a ƙarƙashin gado.

Da yake ana jin dariyarta daga titi, sai magana ta bazu wai tsohuwa ta samu maganin kansa tana ɓoyewa. Wani hantsi wani magini Bamaraɗe ya yi sallama, da siminti har a gira. Ya ce matarsa idonta ya canza, tana ramewa, baya ya hana ta sakat, in taimake shi da abin da Gwaggo ke sha.

Gwaggo tana kwance bayan labule, na san kunnenta yana wurinmu. Wallahi na so in haɗa masa wani abu, in nuna ni ma na iya. Sunayen itatuwa suna ta yawo a bakina. Amma na dubi mutumin, ya ba ni tausayi ƙwarai.

Na ce, "Malam, ba mu da shi. Da muna da shi, da mai shi ba ta kwance. Ka kai ta asibiti yau, kada ka bari gobe. Ga citta da na'ana'a, amai kaɗai suke kwantarwa."

Ransa ya ɓaci. Ya ce bai taɓa ganin mai magani da ke korar mutum wurin likita ba. Ya karɓi ƙullin ya fita ko sallama babu.

Na shiga ɗaki ina jiran faɗa, na riga na ba kaina cewa tabarma ta wuce ni. Gwaggo ta ce in gyara mata matashi. Na gyara.

"Ɗiyata, ni sai da na binne mutum biyu kafin bakina ya iya cewa ba ni da shi," in ji ta. "Gobe ki fita da kayan."

Washegari na shimfiɗa tabarmar a wurinta. Kowa ya zo sai ya tambayi jikin Gwaggo, in ce da sauƙi. Da azahar na naɗe na koma gida, don lokacin ƙwayarta ya yi.