Miyar da Kaltume ta kai gindin gawo

Kaltume ta Matankari ba ta taɓa kiran sunan Tukur ba. Ɗanta ne na fari, ita kuwa mai kunya ce irin ta mutanen da. Ran da gardin kumandan, dogarin Nasara mai mulki, ya zo ɗibar samari aikin dole na hanyar mota, har da shi, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Mata suka yi ta yabo. Yabo! Mace tana ɗaka ana tafiya da ɗanta, ana ce mata madalla.

Da kaka, saniyar wani Bafulatani ta karye aka yanka. Mijinta Ɗanmalam ya shigo da tsoka, ya ce a yi miya, shi da ƙannensa da 'yan gayya za su dawo daga yankan hatsi da yunwa. Tana cikin wanke naman maƙwabciyarta A'i ta leƙo ta kan darni.

"Ke Kaltume! 'Yan aikin hanya sun sauka gindin gawo, ruwa kawai za su sha su wuce Dogon Dutsi. Na ga naki. Ya koma kara."

"To mi ya dame ni?" in ji Kaltume. Amma wuƙa na hannunta.

Tsohuwar saniya ce, nama kamar igiya. Ta yayyanka shi ƙanana, ta kirɓa a turmi, ta jefa kanwa, ta cusa karan hatsi ƙarƙashin tukunya, don wutar kara ba ta jira. Daddawa, albasa, barkono, ɗan man shanun da ta ɓoye. Tuwo kuwa ina lokacinsa? Ta ɗora tukunyar a gammo tana tafasa. A zaure ta ci karo da Ɗanmalam.

"Ina za ki da abincin mutane?"

"Sadaka."

A gindin gawo 'yan aikin suna zaune a jere, ƙafafu duk faso. Tukur ne na farko ta inda ta ɓullo. Sai ta kewaye shi, ta faro daga can ƙarshe, kada a ce ta zo don nata. Ludayi ɗaya, ludayi ɗaya, ƙoƙo bayan ƙoƙo, tana jin ludayin ya fara kankarar gindin tukunya. Da ta iso gare shi, romo ya rage da guntun jijiya. Ta juye masa, idonta na ƙasa. Gardi ya busa usur.

Tukur ya shanye a tsaye. Bai dube ta ba shi ma. Ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Mai miyar nan dai har gobe hannunta na da nauyi wurin kanwa." Suka yi dariya, aka kora su gaba.

Gidan Ɗanmalam miyar kuka aka sha, da gunaguni.

Tukur bai dawo ba. An ce daga wurin aikin ya tsere ƙasar da Ingilishi ke mulki, can wajen Birnin Kebbi. Har ta tsufa, in fataken goro suka sauka daga Birnin Kebbi, sai ta dogara sanda ta je ta gaishe su. Tambayarta ba ta sauyawa: can wajenku, baƙo yana ƙoshi?